Agogon marigayi Baba da wasan golf: in ci gaba da ɗaurawa ko in cire?

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Birnin Kebbi, ina harkar shinkafa da taki, abin da ke kai ni Kaduna da Abuja kusan kowane wata. Da likita ya ce jinina ya hau, dole in riƙa motsa jiki, sai abokan kasuwanci suka ja ni wasan golf, kuma ya shiga raina. Idan ina can mukan zagaye ramuka 18, idan ina gida kuma nakan fita wani fegi a bayan gari da yamma in yi ta gwada bugu.

Akwai agogon da mahaifinmu ya bari, Seiko 5 ne wanda ba ya amfani da batir, motsin hannu ne ke wana shi. A Jidda ya sayo shi da ya je aikin Hajji a shekarun 1970, bai rabu da shi ba har ya rasu. Bayan addu'ar bakwai Inna ta miƙo mani ta ce in riƙe. Tun ranar ba na cire shi sai wanka ko alwala, har a filin wasa. Yanzu ya fara gudu, yana ƙara kamar minti biyar a yini. Yayana da ke Jega ya ga hotona a WhatsApp riƙe da sanda, agogon a hannu, ya kira ni ya yi faɗa sosai, ya ce na mai da kayan Baba abin wasa, in kawo ya ajiye. Abokaina sun ce golf ba ya yi wa agogo komai, manyan 'yan wasan duniya ma suna ɗaurawa. Maiɗakina ta ce in sayi na batir in huta. Inna ba ta sani ba, kuma ina jin nauyin gaya mata. Shin golf ne ya ɓata shi? Akwai haɗari in na ci gaba? Kuma yaya zan yi da Yaya?

Wani magidanci, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam, ɗan'uwana. Allah ya jiƙan Baba da rahama, kai kuma ya ba ka lafiya mai ɗorewa. Wasiƙarka ta ƙunshi matsala biyu da suka sarƙe, ta ƙarfe da ta zumunci, kuma da yake ta ƙarfen ce mai sauƙi, da ita zan fara. Ka cire agogon nan kafin ka sake ɗaukar sanda, kuma tun da ya riga ya fara gudu, ka dakata da ɗaura shi ko a gida har sai ƙwararren mai gyara ya duba. Abokanka ba ƙarya suka shirga maka ba, sai dai maganarsu ta fi dacewa da sabon agogo mai ƙoshin lafiya, wanda ko ya lalace kuɗi za su maye gurbinsa. Naka ya doshi shekara 50 in ma bai haura ba, ya fara nuna alamar ciwo, kuma babu kasuwar da za ka je ka sayo wanda Baba ya ɗaura.

Bari in bayyana maka abin da ke cikinsa, domin ka san dalilin shawarar. A bayan injin akwai wani faifan ƙarfe mai siffar rabin wata da ke juyawa duk lokacin da hannunka ya motsa, shi ne ke naɗe babban sifirin da ke ajiye ƙarfi. Ƙarfin yana bi ta jerin ƙananan giyoyi har ya isa abin da masu gyara ke kira balans, wani ɗan zobe da ke kai da komo, yana bugu biyar ko shida a kowane sakan, wato bugu 18,000 ko 21,600 a awa guda, ba dare ba rana. Zoben yana tsaye ne a kan wata 'yar sanda wadda tsininta na sama da na ƙasa ba su wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, suna juyawa a cikin ƙananan duwatsu ja masu santsi da aka ɗiga wa mai ɗan mitsitsi. A jikinsa kuma akwai wani siririn sifirin da aka naɗe zagaye-zagaye, yana buɗewa yana rufewa, kuma tsawonsa ne ke ƙayyade saurin agogon: in ya gajarta agogo ya yi gudu, in ya ƙara tsawo ya riƙa latti.

Maƙeran agogo sun daɗe da sanin cewa wannan tsini shi ne lagon agogon hannu, domin a da faɗuwa ɗaya takan karya shi. A 1934 aka fito da wata dabara a Suwizalan mai suna Incabloc, inda aka riƙe dutsen da ɗan sifirin da ke ba shi damar gocewa idan an bugi agogon, sai ɓangaren sandar mai kauri ya karɓi bugun, sannan dutsen ya koma mazauninsa. Seiko yana da nasa irin mai suna Diashock, kuma Seiko 5, wanda aka fara fitarwa a 1963, an yi shi ne domin mutanen da ba sa lallaɓa agogo. Akwai ma ƙa'idar duniya mai lamba ISO 1413, wadda ta ce agogo mai jure bugu sai ya jimre wa kwatankwacin faɗowa daga tsayin mita ɗaya a kan katako mai tauri, ba tare da tafiyarsa ta sauya da fiye da sakan 60 a yini ba. Sai dai gwajin a kan sabon agogo ake yinsa, kuma 'yan bugu kaɗan kacal ake yi masa.

Shi kuwa golf, abin da yake yi wa hannu ya danganta ga irin bugun. Kan babbar sanda a hannun matsakaicin ɗan wasa yakan yi gudun wajen kilomita 150 a awa, haɗuwarsa da ƙwallo kuma ba ta wuce kimanin kashi ɗaya cikin 2,000 na sakan. Idan bugun ya fita tsaf, ƙwallon ne ke tafiya da yawancin ƙarfin, abin da ya rage kuma jikin sandar da ke lanƙwasa da robar mariƙi da tafin hannu su shanye, kaɗan ne ke isa wuyan hannu. Shi ya sa mutane da yawa suke shekaru suna wasa da agogon inji ba su ga komai ba. Matsalar tana wurin bugun da ya kuskure, lokacin da sanda ta tari ƙasa kafin ƙwallo ko ta ci karo da tsakuwa, irin wanda kake jin zafinsa har gwiwar hannu. Kuma in dai kai ba bahago ba ne, hannun hagu ne ke jan sanda, a can ne kuma yawanci ake ɗaura agogo.

Abin da ya fi tsaya mani a rai a wasiƙarka shi ne fegin bayan garin nan, fiye da filayen Kaduna da Abuja. A filin da ake shayar da ciyawa, sanda tana yankar ƙasa mai laushi ta wuce. Ƙasar Birnin Kebbi kuwa, daga ɗaukewar ruwa har zuwa faɗuwar damina, ƙeƙasasshiya ce, sanda ba ta shiga sai dai ta yi tsalle ta mayar maka da bugun. Sannan a zagayen ramuka 18 mai koyo yakan yi bugu ɗari ko kusa da haka cikin awa huɗu, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku turawa ce a hankali kusa da rami, wadda ba ta girgiza komai, alhali a wurin gwaji kana iya sakin cikakken bugu ɗari cikin awa guda babu hutu. Idan akwai inda agogon ya sha wuya, ina kyautata zaton a can ne.

Game da manyan 'yan wasa, rabin labarin abokanka suka ba ka. Gaskiya ne Phil Mickelson na Amurka ya sha yin wasa da agogon Rolex a hannu, kuma Bubba Watson, wanda ya ci babbar gasar golf ta Masters a 2012 da 2014, yana buga ƙwallo da agogon Richard Mille. Amma na Watson musamman aka ƙera masa a 2011, da ƙarfe mara nauyi, babu faifan nan mai juyawa a cikinsa, kuma farashinsa a lokacin ya haura dala 500,000. Da kamfanin TAG Heuer ya haɗa kai da Tiger Woods ya fitar da agogon golf a 2005, na batir suka yi, mai nauyin giram 55 kacal. Mafi yawan sauran kuwa hannunsu fayau yake lokacin wasa, sai an gama suke zaro agogo su ɗaura kafin a miƙa masu kofi, saboda yarjejeniyar talla. Waɗannan mutane kamfani ne ke ba su agogo, kamfani ne ke gyara masu, kuma da wuya sandarsu ta tari ƙasa yadda ta mai koyo ke yi.

Tsufa ne ya fi raba agogonka da nasu. Man da ke cikin duwatsun nan yakan bushe ko ya daskare, shi ya sa masu ƙera agogo suke cewa a riƙa yi masa sabis bayan kamar shekara biyar zuwa goma, kuma ina zaton na Baba ya daɗe bai ga wanki ba. Manomin shinkafa a fadamar Argungu ya san abin da ke samun injin ban ruwa idan aka ci gaba da tayar da shi bayan baƙin mai ya ƙone: zai yi ta aiki har ranar da zai tsaya cak, a lokacin kuwa ƙarfe ya riga ya ci ƙarfe. Haka tsinin balans da gindin faifan suke cinyewa a hankali, kuma abin da ya yi sako-sako girgiza ta fi yi masa illa. Ga kuma robar da ke toshe murfin baya, wadda ta daɗe da taurara, har gumin bazara da ƙurar hunturu suna samun hanyar shiga. Akwai wani haɗarin da ba a cika tunawa da shi ba, wato 'yan ƙarafan nan biyu da ke riƙe sarƙa a jikin agogo. Gumi yakan sa su tsatsa, kuma ranar da ɗaya ya ɓalle kana tsakiyar wurga sanda, agogon zai tashi sama ya faɗi a kan tsakuwa, in ma an gan shi ke nan.

Game da mintinan nan biyar, agogo irin wannan idan ya ƙara ko ya rage sakan 20 ko 30 a yini, lafiyarsa ƙalau. Minti biyar kuwa yawanci alama ce cewa wani abu ya gajarta siririn sifirin nan. Mai yiwuwa bugu ne ya ture ɗan hannun da ake saita sauri da shi, ko ya sa wani zagaye ya hau kan wani ya maƙale, in haka ne golf na da hannu. Mai yiwuwa tsohon mai ne ya malala ya manne zagaye biyu, wannan kuwa tsufa ne kawai. Yana iya zama kuma maganaɗisu ne ya kama shi, abin da ya yawaita a wannan zamani, domin yana cikin lasifikar waya da murfin jaka da akwatin rediyo, har da wasu kayan 'yan golf irin su na'urar auna nisa. Wannan kana iya gwadawa a gida. Ka samu kamfas mai allura irin wanda ake duba alƙibla da shi, ka ajiye a kan tebur nesa da waya har allurar ta natsu, sannan ka kawo agogon kusa a hankali kana jujjuya shi. Idan allurar ta fizga da ƙarfi tana bin agogon, akwai maganaɗisu a jikinsa, kuma cire shi aikin 'yan sakanni ne ga mai na'urar, ba sai an kwance komai ba. Don haka kada ka ɗora wa kanka laifin da ba a tabbatar ba tukuna, dukansu kuma abubuwa ne da ake gyarawa.

Wurin zaɓen mai gyara na fi so ka yi taka-tsantsan, domin mugun gyara ya fi golf ɓarna. Yawancin masu teburin gilashi a bakin kasuwa yanzu aikinsu canza batir da sarƙa ne, abin da kasuwa ke kawo masu ke nan. Ka nemi dattijon da ya koyi sana'ar tun lokacin da agogon inji ne a hannun kowa, ka tambaya a Birnin Kebbi da Sakkwato, in ba a dace ba tafiyarka Kaduna ta yi rana. Kafin ka miƙa, ka tambaye shi yadda yake wanki. Idan ya ce zai kwance injin ɗaya bayan ɗaya, ya wanke, ya sa man agogo a kowane dutse, sannan ya riƙe shi kwanaki yana lura da tafiyarsa, ka samu mutuminka. Idan ya ce zai tsoma injin dungurungum a fetur, ya ɗiga man keken ɗinki, ka dawo bayan la'asar, ka yi masa godiya ka karɓi kayanka. Ka ɗauki hoton fuskar agogon da bayansa tun a gida. A murfin baya akwai lambobi masu ɗan layi a tsakani da ke nuna nau'in injin, su za su taimaka wajen neman kayan gyara, akwai kuma lambar agogon kansa, wadda a tsarin Seiko adadinta na farko ke nuna adadin ƙarshe na shekarar da aka ƙera shi, na biyu kuma watan. Ka gindaya sharaɗi a gaban shaida: kada a sauya injin da wani, kada a goge jikin don ya yi ƙyalli, kada a sake fentin fuskar, kuma duk abin da aka cire a dawo maka da shi. Idan kwanakin mako da ke fitowa a 'yar tagar nan da Larabci suke, kamar da yawa cikin waɗanda alhazai suka sayo a Saudiyya, ka ja masa kunne kada ya musanya faifan.

Maiɗakinka ta yi gaskiya, kuma ya kamata ta ji haka daga bakinka. Mai wasa da yamma yana bukatar sanin lokaci saboda la'asar da magariba, kuma agogon batir mai nuna lambobi ba shi da balans ko sifirin da bugu zai taɓa. Casio F-91W, wanda ake yi tun 1989, nauyinsa wajen giram 21 ne, har za ka manta yana hannunka. Agogon G-Shock na Casio kuma tun 1983 aka ƙera shi don jure faɗuwa, sai dai ya fi kauri. Shi kuwa na Baba, wurinsa ranar wasa shi ne gida, ko masaukinka a kulle. Kada ka jefa shi a aljihun jakar sanduna inda zai yi ta karo da ƙwallaye, kada ka bar shi a mota cikin ranar Afrilu, kada kuma ka haɗa shi da waya wuri ɗaya. Ba na so ka ba yaron da ke ɗaukar maka jaka ajiyarsa, domin idan ya faɗi a cikin ciyawa yaron ne zai kwana da zargi, alhali ba shi da bakin kare kansa a gaban manya. Idan ya tsaya saboda ajiya kada ka damu, ƙarfinsa yakan ƙare kafin kwana biyu, kuma kaɗa shi a hankali ya isa ya tashi.

To, ga maganar da ta fi ƙarfe nauyi. Ka ce Inna ce ta miƙo maka agogon, amma ba ka ce an sa shi cikin rabon gado ba. Nan ne gidaje da yawa suke tuntuɓe, domin akan raba gida da gona da kuɗi, a bar agogo da tabarau da carbi a hannun wanda aka miƙa wa, ana ganin ƙananan abubuwa ne. A shari'a kuwa duk abin da mamaci ya bari, komai ƙanƙantarsa, haƙƙin magada ne gaba ɗaya har sai an raba ko sun yafe, kuma uwa, duk da girman matsayinta, rabonta kawai take da ikon kyautarwa. Idan an ƙiyasta kuɗinsa an sa a rabonka, ko dukan magada sun ce sun bar maka, naka ne halak malak, iyakar Yaya shawara. Idan kuwa ba a yi haka ba, amana ce a hannunka, kuma mai riƙon amana ba ya kai ta inda za ta iya lalacewa ba da izinin masu ita ba. Ka koma wurin malamin da ya raba muku gado ka tambaye shi, kuma idan kana da 'yan'uwa mata ko na wani ɗaki, su ma da haƙƙinsu ko da ba su ce uffan ba. Kuɗin tsohon Seiko 5 ba su da yawa a kasuwa, biyan kowa rabonsa ba zai gagare ka ba, kuma ina kyautata zaton yawancinsu za su ce sun yafe tun kafin ka rufe baki, in dai an tambaye su.

Shi kuwa Yaya, ka sa kanka a matsayinsa. Shi ne babba, ya fi ka daɗewa yana ganin agogon a hannun Baba, wataƙila ma yana cikin waɗanda suka je tarye ranar da ya sauka daga Makka, sai ga shi an miƙa wa ƙane, ya haɗiye bai ce komai ba. Bayan haka ya buɗe waya ya ga agogon a filin wasan da mutanenmu da yawa ke ɗauka shagalin masu kuɗi ne. Ba na jin tsinin balans ne ya tayar masa da hankali. Kayan mahaifinsa ya gani a wurin da yake ganin bai dace da martabarsa ba. Faɗan ya yi tsauri, kuma cewa ka mai da kayan Baba abin wasa ba adalci ba ne ga wanda ƙauna ce ta hana shi cirewa. Amma a maganarsa akwai gyara kayanka, akwai kuma sauke mu raba. Ka karɓi na farkon hannu biyu, na biyun kuma ku zauna ku tattauna.

Kada ka amsa masa ta waya ko ta saƙo. Jega ba nisa, ka je da ƙafarka ranar da ka san yana gida, ka gaishe shi yadda ƙane ke gaida wa, ka ci abincin gidansa, sannan ka buɗe maganar. Kana iya cewa: "Yaya, Allah ya huci zuciyarka. Na bincika na gane kana da gaskiya, wasan nan zai iya yi wa agogon Baba illa, kuma na daina shiga fili da shi. Ya fara gudu, zan kai shi gyara da kuɗina, ina so ka taya ni neman mai gyaran kirki." Da wannan ka ba shi girmansa, ka faɗi gaskiya, ka kuma sa shi cikin lamarin. Idan ya nace sai ya ajiye, ka tambaye shi cikin ladabi ko shi ma yana da sha'awar ɗaurawa ne, domin sau da yawa babba yana jin nauyin cewa yana son abin da aka ba ƙarami. In haka ne, kuna iya yin karɓa-karɓa, shi ya ɗaura a idi da ɗaurin auren 'ya'yan gida, kai a sauran lokuta, ko agogon ya zauna a ɗakin Inna duk mai bukata ya karɓa ya dawo da shi, ko kai ka riƙe shi ya zaɓi wani abu daga kayan Baba. Abin da ban goyi baya ba shi ne a kulle shi a akwati shekara da shekaru don a kashe gardama, domin mai yana bushewa ko ana amfani ko ba a yi, laimar damina kuma tana shiga akwati.

Inna kuma ka gaya mata da kanka, kada ta ji a bakin wani, domin tun da Yaya ya sani saura ƙiris maganar ta iso ɗakinta da ƙari. Ba sai ka cika ta da bayanin sifirin da maganaɗisu ba. Ka ce mata agogon Baba ya tsufa yana bukatar wanki, ka riƙa ɗaura shi wurin motsa jikin da likita ya sa ka, ka gane bai kamata ba ka daina. Ka tambaye ta ko kyauta take nufi ranar da ta ba ka ko ajiya, ka kuma roƙe ta ta faɗa a gaban Yaya idan ta ga ya dace. Ita da ta zauna da mai agogon shekaru masu yawa, wataƙila ta san wurin wanda yake kai shi gyara.

Kada rikicin nan ya sa ka ajiye sanda, domin hawan jini ba ya jiran a gama sulhu. Zagayen ramuka 18 a ƙafa tafiya ce ta fiye da kilomita shida, wadda za ta kai ka nesa cikin minti 150 na motsa jiki a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba manya shawara. A fegin gida dai ka nemi tabarmar roba ta gwaji ko ka riƙa ɗora ƙwallo a kan ɗan tsinken da ake kafawa, domin ƙasar da ta girgiza agogo tana girgiza gaɓoɓinka. Na fahimci abin da ya sa cirewar ke yi maka nauyi. Wanda ya rasa uba yakan riƙe abin da ya taɓa jikinsa, nauyin sarƙar a wuyan hannu yana ɗebe kewa, kuma ban ga aibu a wannan ba. Amma addu'arka da sadakarka suna isa ga Baba ko hannunka da agogo ko babu, awa huɗu kuma ba za su rage komai tsakaninku ba.

Idan ya dawo daga gyara, ka riƙa gwada shi da agogon waya kowace safiya har mako biyu kana rubuta bambancin, kafin ka biya cikon kuɗin aikin. Idan mai gyaran ya ce tsinin balans ya lanƙwashe ko gindin faifan ya cinye, kada ka firgita: Seiko ya ƙera irin waɗannan injuna da yawan gaske, ana samun tsohon agogo mai lambar inji iri ɗaya a ciro abin da ake bukata kaɗai. Ka sa a sauya robar murfi da 'yan ƙarafan sarƙa a lokaci guda, kuma ko bayan haka ka ci gaba da cire shi wurin alwala, domin alƙawarin hana ruwa da aka rubuta a bayansa na shekarun 1970 ne. Ka rubuto mana abin da mai gyaran ya gano da yadda kuka ƙare da Yaya. Allah ya daidaita tsakaninku.